Ɗinki Biyar a Goshin Sista

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

An sallamo Sista daga asibiti. Ɗinki biyar a goshi, targaɗe a wuyan hannun hagu. Ta shafa ɗinkin da yatsa ta ce karkatacce ne, da a zamaninta ne da wanda ya yi shi ya wuni yana koyo a jikin katifa.

Madam, shugabar ofishinmu, ta ce in riƙa rubuta komai saboda rahoto. Ga shi ina rubutawa, amma ba a littafin ofis ba.

Aikinmu shiga gidajen tsofaffin da ganinsu ya tafi, mu koya musu zama a gidansu ba tare da an riƙe musu hannu ba: girki, shan magani, gane tufafi, zuwa banɗaki. Digiri biyu na yi kafin a yarda in manna ɗigon roba a jikin murhun mutane, don su gane inda za su kunna da yatsa. Wata huɗu ke nan ina zuwa wurin Sista, Litinin da Laraba da Juma'a. Shekararta saba'in da huɗu, talatin da biyu daga ciki ta yi su tana shugabantar ɗakin majinyata, shi ya sa har 'ya'yanta wani lokaci Sista suke ce mata. Hawan jinin ido ya bar mata haske da inuwa kawai. Ita kaɗai take zaune a gidan da mijinta ya bari, kuma ba ni da ɗalibar da ta kai ta.

Shekaranjiya Laraba maƙwabciya ta tsince ta a ƙasan kicin, wajen ƙarfe ɗaya. Ni na bar gidan sha biyu da kwata. Ina sauri.

Babban ɗanta, Injiniya, ya daɗe da gyara mata ɗaki a gidansa, ita kuma ta daɗe da cewa sai dai gawarta. Yanzu sun yanke: za a zauna ranar 27 ga wata, a karanta rahotona. Idan na ce za ta iya zama ita kaɗai, ta zauna. Idan ban ce ba, a kwashe ta.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Na tarar da gidan cike da ƙauna. Ba abin da ya fi ta ɓata mini aiki.

Auta, ƙaramar 'yarta, ta ɗauki hutu ta zo ta gyara wa uwarta gida. Ta matsar da kujerar falo kusa da taga don Mama ta sha iska. Ta juye gishiri da sukari a sababbin gwangwanaye iri ɗaya, masu kyau ƙwarai. Ta jera takalma bisa launi. Aikin wata huɗu ta rushe shi a wuni ɗaya, tana haki tana jira a yaba mata.

Injiniya yana tsaye a tsakiyar falo da makullin mota a hannu. Ya dube ni ya ce, "Malama, tambaye ta ko ta sha magani."

Sista tana zaune taku biyu daga gare shi. Ta ce, "Malama, gaya masa na sha. Ki ƙara da cewa turarensa ya yi yawa, tun yana bakin ƙofa na san ya zo."

Na ja Auta gefe na yi mata karatun da nake yi wa kowa. Abin da aka ɗauka a mayar da shi inda yake. Kujera ba ta tafiya. Ƙofa ko a rufe ruf ko a buɗe ta har bango, rabi da rabi ita ce mai illa, balle ta sama da ke daidai fuska, wadda sanda ba ta taɓawa. Na faɗa da muryata ta aiki, mai sanyi. Auta har da ƙwalla, tana cewa wallahi ba ta sani ba.

Daga falo Sista ta ce, "Ki saurara da kyau, Auta. Malama ta fi kowa sanin wannan."

Ban shiga kicin ba yau.

Talata, 9 ga wata, da hantsi

Ban fara rahoto ba.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Na shiga kicin, tunda dole a mayar da gishiri gidansa.

Kabad ɗin sama a rufe yake. Wani ya rufe shi. Na buɗe: kwalabe tara na kayan ƙanshi, shida na sa musu roba a wuya yadda muka tsara, uku babu. Sauran robobin suna nan a kan katako inda aka ajiye su. A gefen murfin, ta ƙasa, akwai wani abu ja da ya bushe, na goge shi da soso.

Sista ta fi ni gajarta da kamar yatsu huɗu. Ban auna ba. Ba sai na auna ba.

Ta gaya wa likita jiri ne ya ɗebe ta. Ta gaya wa Injiniya jiri ne. Ta gaya wa maƙwabciya, wadda ta gaya wa layin duka. Ni ba ta gaya mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Mun yi awa guda muna gane gishiri daga sukari da yatsa, kamar mata biyu da aka haɗa a ɗakin jiran likita.

Juma'a, 12 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Likita ya yarda da jirin. Ya ce maganin hawan jini ne ya yi mata ƙarfi, ya rage shi rabi. Auta ta karɓo sabon, ta kwashe tsohon ta tafi da shi don kada a yi kuskure. Yarinyar ta fara koyon tsari, a daidai lokacin da bai kamata ba.

Injiniya ya ji daɗi. Mutum ne mai son a ce ga inda injin ya lalace, ga abin da aka canza. Ya ce, "Ka ga, an gano matsalar." Har ya ce idan jirin bai dawo ba zai sake tunani a kan maganar ƙaura. Sista ta zauna da hannu a cinya, fuskarta kamar ta wadda aka yi wa adalci.

Litinin, 15 ga wata, a ofis, ƙarfe 10

Fom ɗin rahoto yana da akwatuna huɗu a ƙarƙashin dalilin faɗuwa: rashin lafiya, yanayin gida, kuskuren mai gida, wani abu dabam. A gaban wani abu dabam an ja layi da bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Wanda ya tsara fom ɗin bai yi tsammanin abu dabam zai yi tsawo ba.

Madam ta leƙo ta ce, "Har yanzu? Ai mai sauƙi ne, likita ya riga ya yi miki aikin."

Na ce ina jiran wasu bayanai. Ta ce wane bayani. Na ce na jini.

Da za ta fita ta bar ƙofar ofishina rabi a buɗe. Na tashi na rufe. Ta dawo ta ce lafiya? Na ce iska.

Laraba, 17 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Yau Sista ta dafa shinkafa da hannu ɗaya da rabi. Ta kunna murhu ta ɗigon roba, ta gane tafasar ruwa da kunne, ta tsiyaye ba ta ƙone ba, ta wanke tukunya ta mayar da ita ƙugiyarta. Na zauna a kujera da biro ina sa alama. Babu akwatin da bai samu alama ba. Da da akwatin iyayi ma da ta cika shi.

Muna shan shayi ta ce, "'Yar nan, me kika rubuta a takardarki?"

Na ce ban rubuta ba tukuna.

"Ki rubuta jiri."

Na ajiye biro.

Ta ce, "Shekara talatin da biyu ina rubuta rahoto. Mara lafiya ya faɗo daga gado, sai in zauna in duba wanne bayani ne zai gyara abu, wanne ne zai kawo kwamiti kawai. Jiri yana da magani. An rage ƙwaya, an gama, ɗana ya koma ofishinsa. Ɗayan bayanin ba shi da ƙwaya."

Na ce wanne ɗayan.

Ta juyo da fuskarta inda muryata take, ta ɗan kuskure ni da kaɗan kamar kullum, ta ce, "Ranar nan wayarki ta yi ƙara sau uku. Na ji kin sauko daga kan kujera, na ji jakarki, na ji ƙofar waje. Akwai ƙara ɗaya da na saba ji ban ji ba. Na ce a raina in tuna. Sai na je na yi salla na manta. Kin ga mu biyu ne."

Na ce, "Mama..."

"Sha shayinki. Ba na son kuka a kicin."

Ba kuka nake ba. Na dai ajiye kofin.

Alhamis, 18 ga wata, da yamma

Mijina ya tambaye ni me ya sa nake bin bayansa ina rufe durowa. Na ce tsafta.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe 12

Injiniya ya roƙe ni in zo in ga ɗakin da ya gyara, ko da ba za a buƙace shi ba. Na je.

Gida ne mai kyau, irin wanda ake ɗaukar hoto a ciki. Tayil fari, bango fari, ƙofa fara, duk suna sheƙi. Ga mai ganin haske da inuwa kawai, kamar a jefa ta cikin kwanon madara ne. Ƙofar gilashi tsakanin falo da baranda. Kekunan yara uku a zaure, kowanne ya kwanta inda ya ga dama. Matarsa mutuniyar kirki ce, ta sayi labule da kanta, ta ɗauki mai aiki musamman.

Ya ce da alfahari, "A nan ko cokali ba za ta ɗaga ba."

Na ce abin da take tsoro ke nan.

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Sai dariyar ta tsaya, ya ce, "Malama, ke ba ki gan ta a ƙasa ba. Ni na ɗauke ta. Jini har cikin kunne. Tana ce mini kada in taka mata tabarau, tabaran da ba ta gani da shi."

Na so a ce mugu ne. Zai fi mini sauƙin rubutu.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Mu muka ba ta na'urar awon jini mai magana, don kada ta jira kowa ya karanta mata. Na'urar ba ta san sirri ba. Yau ta faɗa da ƙarfi, da muryar nan tata ta mai karanta labarai, ɗari da saba'in da takwas bisa ɗari da biyu.

Sista ta ce batir ne.

Na ce na canza batir ranar Juma'a.

Ta ce to hannun riga ne. Ta sake ɗaurawa. Ɗari da tamanin.

Na tambaye ta ciwon kai. Ta ce kowa yana ciwon kai. Na lura ta rufe labulen falo da rana tsaka, ita da take bin haske kamar shuka. Na ce mu koma wurin likita a mayar da maganin yadda yake. Ta ce sai ta gaya masa me, cewa jirin ƙarya ne? Auta ce take kai ta, kuma abin da ya shiga kunnen Auta yana isa wurin yayanta kafin a tayar da mota.

"Bayan ashirin da bakwai," in ji ta. "Kwana biyar. Na ga masu ɗari biyu suna zuwa kasuwa."

Na ce ta kuma ga inda wasunsu suka ƙare.

Ta ce, "Na gani. Ni nake juya su a gado."

Talata, 23 ga wata, da safe

Na sa alama a akwatin rashin lafiya. Na yaga shi, na ɗauki sabon fom.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Ɗari da tamanin da bakwai. Ta ɓoye na'urar a ƙarƙashin matashi, na ji ta tana magana daga can.

Mun yi faɗa, irin na masu ilimi, ba a ɗaga murya. Na ce ba zan sa hannu a takardar da za ta bar ta a kan rabin magani ba. Na ce gaskiyar ma tana gefenta: ba ita ta yi kuskure ba, ba ƙafarta ba, ba ƙwaƙwalwarta ba. Duk wanda ya karanta zai ga cewa da an bar mata gidanta yadda ta san shi, da ba ta faɗi ba.

Ta ce, "Ke kin karanta littattafai. Ni na haifi yaron."

Na ce idan jijiya ta fashe mata a kai, ba gidanta ba, ko gadonta ba za ta iya sauka ba.

Ta ce, "Jinina ne, gidana ne. Wanne ne naki a ciki?"

Akwai nawa a ciki, mu biyu mun sani, kuma ba shi ne ya fi girma ba.

Da zan tafi ta ce in miƙo mata ƙwayar ciwon kai. Ba ta taɓa cewa in miƙo mata komai ba.

Alhamis, 25 ga wata, a ofis, ƙarfe 11

Na rubuta. Layin bai isa ba, na ƙara takarda. Jimla huɗu: wanda ya buɗe murfin kabad, dalilin buɗewa, ƙarfe nawa aka tafi aka bar shi, da kuma cewa babu jiri, a gaggauta mayar da magani. A ƙasa na rubuta cewa Sista za ta iya zama ita kaɗai, na ja layi biyu.

Madam ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ta ce, "Kin san ƙa'ida. Dole in cire ki daga gidan har a gama bincike."

Na ce na sani. Wa za a tura?

Ta buɗe littafin layi ta juyo mini shi. Mutum arba'in da ɗaya suna jira, mu shida ne. Ta ce wata uku, idan an yi sa'a.

Wannan ban lissafa da shi ba. Sista ta lissafa.

Na kira Auta na ce ta kai Mama asibiti yau, ba gobe ba, ta tafi da tsohon maganin. Ta ce me ya faru. Na ce likita zai yi bayani, sauran kuma Asabar.

Juma'a, 26 ga wata

Ba ranar zuwana ba ce kuma. Na zauna a mota a bakin layinsu minti goma, na juya.

Asabar, 27 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

An zauna ƙarfe huɗu a falonta. Injiniya, Auta, Madam, ni. Sista ta yi wa kowa shayi da kanta, ta zuba ba ta zubar ba, ta san wanda yake shan sukari. An mayar mata da maganinta tun shekaranjiya, labule a buɗe yake.

Na karanta rahoton da bakina. Na karanta shi yadda nake karanta komai, a sanyaye. Auta ta rufe baki da hannu, ta dube ni, na san wane karatu take tunawa. Madam ta yi bayanin bincike da haƙuri da wata ukun.

Injiniya bai yi faɗa ba. Na shirya wa faɗa. Ya ajiye kofi ya ce, "Malama, na gode da kika faɗa, ba kowa zai iya ba." Sai ya juya ga uwarsa, yau kai tsaye. "Mama, wannan aikinta ke nan, ta karanta shi a jami'a, ita ta koya mana. Ta manta sau ɗaya, kin samu ɗinki biyar. Gobe mai gyaran famfo ne, jibi maƙwabciya, gata ni. Wa zai fi ta kula? Sannan kin kusa kashe kanki da rabin magani don kada in sani. Yanzu wata uku babu mai zuwa. Ki gaya mini yadda zan yi barci."

Na ce rahoton ya nuna za ta iya. Na nuna masa layi biyun.

Ya ce, "Na yarda za ta iya. Mu ne ba za mu iya ba."

Sista ba ta yi gardama ba. Ta tambayi rana kawai. Ya ce Asabar mai zuwa, na ɗan lokaci ne, sai an samu wata malamar. Ta ce to. Kowa a falon ya san tsawon ɗan lokaci a gidan da aka riga aka sayi labule.

Suka fita raka Madam mota. Na tsaya tattara kofuna, ta ce in bar su, ba aikina ba ne. Na tsaya dai, da jaka a kafaɗa. Na ce mata jinin ya sauka ai. Ta ce ya sauka, ɗari da arba'in da safe. Na ce da za a sake, abin da zan yi ke nan. Ta ce ta sani, ita ma da a bakin aiki take, da ta kori duk ma'aikaciyar da ta yi akasin haka.

Sai ta ce, "Ke fa? Kin samu sauƙi yanzu da kika faɗa?"

Na yi niyyar cewa a'a. Amma wata huɗu tana gane tafasar ruwa da kunne.

Na ce, "Na samu, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta laluba ta ɗauki kofina ta ɗora a kan nata.

"To madalla," ta ce. "An sallami mutum ɗaya ke nan."